Kujerar Hagu

Shekarar da Najeriya ta sauya hannun tuƙi, ta bar hagu ta dawo dama irin namu, ita ce shekarar da na sayi mota. Har yau in na faɗi haka sai na ji ƙirjina ya buɗe. Ni da na yi shekaru ina ɗora buhunan siminti a Malbaza har gashin girata ya koma fari, na koyi tuƙi a hannun direbobin manyan motoci da zagi da ranƙwashi, na sha wuya kafin na samu parmi, wato lasin tuƙi, ga ni ranar nan na zama mai mota. Tsohuwa ce, na sani, ba sai an tuna mini ba. Amma tawa ce.

Taubashina ne ya kawo labarinta. Ɗan gwaggona ne, yayar babana, yana safarar albasa zuwa Sakkwato, kuma tun muna yara bakinsa bai taɓa barina na huta ba. Ya same ni a bakin ma'aikata ina kakkaɓe riga, ya ce mutanen can sun shiga neman kai da tsofaffin motocinsu masu sitiyari a dama, tunda yanzu hanyarsu ta juya. Akwai wani mai gidan burodi da ke da ƙaramar akori-kura, irin wadda muke kira bashe, in ina da zuciya mu tafi. Ya ƙara da cewa ya san ba ni da ita. Wannan kalmar ce ta sa na kwana a Sakkwato washegari.

Akwai abin da ke raina wanda ban faɗa wa kowa ba, ko mai ɗakina. Babana madugu ne a zamaninsa. Ya yi ta kora jakuna da kanwa da gishiri daga Tawa zuwa Sakkwato, ya dawo da goro da yadi, kuma shi ke gaba, shi ke cewa a sauka, shi ke cewa a tashi. Manyan motoci suka zo suka kashe sana'ar, daga baya gwiwoyinsa suka ƙi. Aka sayar da jakunan, ya zauna a zauren gidanmu a ƙauyenmu na wajen Bazaga, daga zaure sai masallaci, daga masallaci sai zaure. Maganarsa ma ta ragu. Yayarsa kuwa, gwaggona, tana wani ƙauye bayan Illela, tamu ta hanyar Tawa ba ta ƙetare ba. Ita ta goye shi bayan uwarsu ta rasu, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Jiki ya fara ƙi mata, ta yi ta aiko saƙo ta bakin ɗanta cewa in ƙanenta yana son ya same ta da rai, ya zo kafin damina ta rufe hanya.

Baba ya ƙi. Ƙafa ba za ta kai shi ba, jaki ba zai iya hawa ba, motocin haya na lokacin kuwa a kan kaya ake ɗora mutane, su riƙe igiya. Duk wanda ya yi masa maganar amsa ɗaya yake samu.

"Garin da na shiga gaban ayari, ba ni shiga nai bisa kaya kamar buhun gero. In ta ga an sauke ni haka, gara kar ta gan ni."

Na san yana son zuwa. Na sha ganinsa yana tsare taubashina da tambayar abin da ta ci da yadda ta kwana. Shi ya sa da aka ce mota, gwaggo ce ta fara faɗo mini a rai. Na ce in motar ɗansa ce, a gaba zai zauna, ai ba zai ƙi ba.

Da muka isa gidan burodin, mai ita ya yaye tamfol, ni kuwa na kasa rufe baki. Shuɗiya ce, ko kuma ta taɓa zama shuɗiya. Ƙofar baya da waya aka ɗaure ta. Fitila ɗaya tana kallon hanya, ɗayar tana kallon sama. Cikinta ƙamshin burodi ne ya gauraye da na baƙin mai, kuma wannan ƙamshin bai bar ta ba har muka rabu. Taubashina ya zagaya ta yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana girgiza kai don a rage mana, ni kuwa na ɓata masa ciniki gaba ɗaya, don ina ta shafa ta ina murmushi a gaban mai ita. Da aka murza makulli ta yi tari sau biyu ta kama, na ji har cikin haƙorana. Na danna ham, ta yi wani kuka irin na bunsuru, yaran gidan burodin suka fashe da dariya. Ban damu ba, na sake dannawa.

Aka yi ciniki, aka sa albarka, aka sha hannu. Takardun duwan, wato kwastan, sun ci mana wuni a kan iyaka, daga wannan buro zuwa wancan, amma ko yunwa ban ji ba. Duk bayan ɗan lokaci sai na leƙa waje in tabbatar tana nan.

Abin haushi ya fara ne da muka shiga Ƙonni. Mutanenmu sun saba direba a hagu yake zama, ba wanda ya taɓa tunanin duba wani wuri. To a motata, hagu kujerar fasinja ce, kuma taubashina ne a kai. Na bi ta tasha da gangan don a gan ni, na rage gudu, na danna ham. Masu shayi da 'yan kamasho da duk wanda ya san mu suka miƙe suna ɗaga hannu.

"Kai, mai albasa ya yi mota! Barka, direba! Allah shi tsare!"

Shi kuwa maras kunya ya fito da gwiwar hannu ta taga, ya ɗaure fuska, yana karkata kafaɗa duk lokacin da na sha kwana. Na ce masa wallahi in bai daina ba zan sauke shi ya taka da ƙafa. Ya ce in na sauke direba wa zai kai ni gida. Na yi ta leƙo kai ta ɗaya tagar ina ihu cewa ni ne, ni ne, amma ta wannan gefen ba kowa sai bango da awaki.

A ƙauyenmu abin ya fi muni. Tun daga nesa aka ji kukan injin, gari ya fito. Na tsaya daidai ƙofar gidanmu, na shirya yadda zan fito a hankali in gyara hula. Jama'a duk suka yi ƙofar hagu. Mata suka rangaɗa guɗa, samari suka ɗaga taubashina sama, wata tsohuwa ta shafa masa kai tana sa albarka. Ni na fito ta dama ni kaɗai, na taka kashin saniya. Ina ɗaga kai sai na ga Baba a bakin zaure, ya dogara da sanda, yana dariya har rawaninsa na rawa. Rabon da in ji dariyarsa na manta. Haushina ya tafi rabi nan take, rabin kuwa na ajiye wa taubashina.

Da yamma, bayan an watse, na durƙusa gaban Baba na ce ga mota ta samu, ranar da ya shirya sai mu tafi wajen gwaggo, a gaba zai zauna. Ya dube ta daga inda yake, ya daɗe.

"Allah shi yi albarka. Amma kaya kaya na, ko gaba anka aza shi ko baya."

Na tashi raina a ɓace. Na shiga gida na huce a kan tuwo, na ce wa mai ɗakina ya yi sanyi, alhali tururi yake yi. Ta ce in motar ce za ta riƙa sa ni haka, gara tun wuri a mayar wa mai burodi.

Na bar aikin siminti na kama jigila. Gero da wake zuwa kasuwar Ƙonni ranar Laraba, albasa, awaki, ƙofar ƙarfe, har gadon amarya na taɓa ɗaurawa a sama. Na so motar nan so na hauka. Da asuba kafin in karya sai na duba mata ruwa da mai, in goge gilashi da tsohuwar rigata. In za ta kwana sai na rufe ta da tabarmi saboda raɓa. Na koyi halinta: ba ta son a matsa mata da safe, giya ta biyu sai an lallaɓa, in ta yi zafi a tudu sai a tsaya a ba ta ruwa a jira ta huce. Na sa wani mai fenti ya zana mata furanni a ƙofar baya, suka fito kamar ganyen kabewa, na ce haka ma ya yi.

Matsala ɗaya ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ita ce wuce babbar mota. Direban da ke hagu, in ya ɗan karkato, yana hango abin da ke tahowa. Ni da ke dama, in na biyo bayan motar siminti ba abin da nake gani sai buhuna da hayaƙi. Kafin idona ya kai ga hanya, rabin motata ya riga ya fita tsakiya. Dole sai na kujerar hagu ya duba mini. Na gwada mutane iri-iri. Wani tsoro ke kama shi ya ce a dakata ko da hanya fayau take. Wani barci. Taubashina ya fi kowa haɗari, don surutu yake yi yana kallona, in na tambaye shi sai ya ce tafi kawai. Rannan tsakanin Tsarnawa da Malbaza ya ce tafi kawai, na fita, sai ga wata ƙatuwar mota gaba da gaba. Yadda na koma hannuna Allah kaɗai ya sani. Muka tsaya a gefe, na zage shi tas, shi kuma yana cewa ai ya ga motar, ya ɗauka ni ma na gani.

Da na dawo gida na zauna a zaure ina ba da labari. Ban yi don Baba ya ji ba, haushi ne kawai ke cina. Na ce motar nan ba ta mutum ɗaya ba ce, hannu na dama, ido na hagu, kuma duk garin nan na rasa mai ido. Baba yana jan carbi, bai ɗago ba.

"Shi na hagun, mi yaka yi?"

"Hanya yaka dubi, Baba. In ya ce a tahi a tahi, in ya ce a tsaya a tsaya."

"Kai kuma sai ka bi?"

"Dole na. Ba ni ganin komi."

Ya ajiye carbin. Can ya ce wai shi har yanzu daga bakin zauren nan yana gane saniyar kowa a fadama. Na ce haka ne. Daga nan na kama bakina, don na ji wani abu na motsi kuma ina tsoron in kore shi.

Ba a yi mako ba, wata safiya na fito da bokitin wanke mota, na tarar da shi tsaye a jikin ƙofar hagu. Ya sha babbar rigarsa ta saƙi wadda rabonta da fitowa tun sallar da ta wuce, ya naɗa rawani irin naɗin tafiya, ga buta, ga ƙullin goro a hannu.

"Hadari ya hwara haɗuwa gabas. In za mu Illela, yau na. Buɗe min."

Na ajiye bokitin har ruwan ya zube mini a ƙafa. Na ruga ciki ina kiran mai ɗakina ta ɗaura guzuri, na fito, na koma na ɗauko makulli da na manta, na sake fitowa. Taubashina yana garin, ya ji, ya zo da gudu ya haye baya tare da buhun gero da tulun man shanu da za a kai wa uwarsa. Na tallafi Baba ya hau, ya gyara zama, ya ɗora gwiwar hannu a taga ba tare da kowa ya koya masa ba.

Mun wuce Ƙonni kaɗan muka cim ma wata babbar mota tana tafiya kamar ba ta so. Na matso bayanta. Baba ya miƙa wuya, ya ƙanƙance ido.

"Dakata. Akwai mai raƙumi. Dakata. Bari wagga ta wuce." Wata mota ta wuce mu fuu. Sai ya buga cinyarsa ya ɗaga murya, muryar da ban ji ba tun ina ƙarami: "Yanzu! Kora ta!"

Na taka mai, bashe ta yi kuka ta fita, muka wuce babbar motar, Baba yana yi mata irin tsakin da ake yi wa jaki in ana son ya ɗaga ƙafa. Taubashina na ihu a baya yana dukan rufi. Ni dariya nake yi, idona ya cika da ƙwalla, ban san wanne ya fi yawa ba. Daga nan duk abin da ke gabanmu sai Baba ya ce a wuce shi, har amalanken da ba ya tare mana komai.

A mararrabar Tsarnawa wani jandarma ya ɗaga mana hannu. Ya tako zuwa tagar hagu, ya ga rawani da farin gemu, ya ɗan rusuna, ya ce baba a ba shi parmi. Baba ya ɓare goro ya miƙa masa rabi.

"Ɗana, ni hanya nika riƙe. Ƙarhen yana hannun yaro."

Jandarman ya leƙa, ya duba gaban Baba bai ga sitiyari ba, ya duba ƙasa bai ga birki ba, sai ya hango ni can a gefe ina miƙo takarda. Ya yi dariya har ya dafa mota, ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Suka duba takardu suka sallame mu da addu'a.

Daga nan muka kama hanyar arewa, burji da gargada, mota na kaɗawa kamar za ta zubar da ƙusoshinta. Baba bai gaji ba. Bakinsa ya buɗe, yana nuna mini rijiyar da suke shayar da jakuna, da tsamiyar da suke sauka, da tudun da kura ta taɓa bin su. Da muka bar babbar hanya muka shiga yashi, shi ke cewa bi nan, kauce can. Sau ɗaya ya ɓatar da mu muka faɗa gonar wani, ya ce ba shi ya ɓata ba, gonar ce aka yi a kan hanya.

Rana ta karkata muka shiga ƙauyen gwaggo. An shimfiɗa mata tabarma a inuwar ƙofar gida, ta rame ƙwarai, amma idonta tar. Tun kafin mu tsaya Baba ya ce in danna ham, na danna. Na juya motar yadda ƙofar hagu za ta fuskance ta, don kawai ya samu sauƙin sauka, wallahi ban yi tunanin komai ba. Gwaggo ta ga shuɗiyar mota ta tsaya, ta ga ƙanenta a inda direba ke zama, da rawani, da hannu a taga. Ta dafa ƙasa ta miƙe zaune, abin da aka ce ta kwana biyu ba ta yi da kanta ba.

"Auta! Kai na? Kai da kanka ka koro ta tun daga gida?"

Baba ya sauko da sandarsa, ya taka a hankali har gabanta, ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa masu ciwo.

"Yaya, ni na kawo mu."

Ni kuwa na zagayo da sauri, bakina cike da bayani, don na gaji da a ba wani abin da yake nawa. Na buɗe baki ke nan taubashina ya taka mini ƙafa da dukkan nauyinsa. Na dube shi, na ga a karon farko a rayuwarsa ba wasa yake yi ba. Na haɗiye maganata. Gwaggo ta riƙe fuskar Baba da hannu biyu tana kuka tana dariya, tana kiran maƙwabta su zo su ga autanta, wanda ya bar jaki ya kama mota da tsufansa. Da ta gan ni ta ce Allah ya yi mini albarka da na rako ubana, in riƙa kula in koya a wurinsa. Na ce to, Gwaggo.

Mun kwana uku a can, su biyu suna hira a tabarma ɗaya tun safe har yamma. Ruwan farko ya same mu a hanyar dawowa. Gwaggo ta rasu kafin gero ya yi kai, kuma har ta koma ga Allah ba wanda ya gyara mata labarin.

Daga wannan tafiyar Baba bai sake zaman zaure ba. Kowace ranar kasuwa shi ke riga ni fitowa. A Ƙonni da Malbaza da Tsarnawa aka sa wa bashe suna motar madugu, masu kaya su je tagar hagu su yi magana da shi, shi kuma ya juyo ya ce mini yaro, tashi mu tafi. Wani lokacin abin na ba ni haushi, in ce Baba ai dai ni na saya. Sai ya ce ba wanda ya hana ni sayenta. Shekaru muka yi a haka, kuma ban taɓa ko ƙwarzanar wata mota ba, don in ya ce dakata to akwai dalili.

Bayan ya rasu, da aka share makoki, na ɗauki wake zuwa Malbaza ni kaɗai. A tashar Ƙonni mutane suka taso yi mini gaisuwa, kuma kusan kowa sai ya fara zuwa tagar hagu, ya miƙa hannu, sannan ya tuna ya zagayo. Na amsa, na ja mota na fita gari. Ban yi nisa ba na cim ma wata motar siminti da ke komawa ba kaya, tana tafiya a hankali. Na matso bayanta, na sa giya, na ɗora ƙafa a kan mai, na karkata kunne hagu ina jira. Haka na bi ta ina shan hayaƙinta har Malbaza, ban wuce ba.